Hoton da Na Gani a Wayar 'Yar Turkiyya

A shekarar da wannan abu ya faru ina da shekara talatin da huɗu, mijina ya rasu ya bar ni da 'ya'ya mata biyu da tsohuwata. Ni Bahaushiya ce haifaffiyar Makka. Iyayena sun zo aikin hajji daga ƙasar Kano suka zauna, a unguwar Nakkasa aka haife ni, da aka rushe gefenmu muka koma Utaibiyya. Ban taɓa taka Nijeriya ba, kuma a nan ɗin ma ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama. Duk mai irin halina ya san yadda ake rayuwa, kana tafiya kana waige. Aikina shi ne kula da hawa biyu na mata a wani dogon bene a Aziziyya, inda alhazan Turkiyya ke sauka duk shekara: shara, canza zannuwan gado, da dafa shayi, don su Turkawa in ba su sha shayi a ɗan ƙaramin kofin nan nasu na gilashi ba, to garinsu bai waye ba. Shekara bakwai ina wannan aiki, har Turkanci ya zauna a bakina, ina ji ina mayarwa. Idan hajji ya matso ba na fita ko ƙofar gida, a nan nake kwana nake tashi, saboda bincike yakan tsananta a kan tituna. Na rubuto muku ne don in sauke wani nauyi da na daɗe ina ɗauke da shi, ko wata ta karanta ta tsira daga irin kuskurena.

A cikin shekarun nan na lura babu hirar da Turkawa suke so kamar ta Turai. Da sun zauna shan shayi sai an tayar da ita. Wasu su ce a karɓi injin Bature da maganinsa, a bar masa ɗabi'arsa. Wasu su ce ai can ne ake da tsari da bin doka, ba ka buƙatar sanin kowa kafin a ba ka haƙƙinka. Wasu kuma su ce mutanen da ke kai iyayensu gidan tsofaffi su ajiye, ba su da abin da za su koya wa kowa. Na ga mai zagin Turai da safe, da yamma kuma yana nuna hoton ɗansa da ke karatu a can yana alfahari. Akwai ma wani suna da suke kiran 'yan'uwansu mazauna Jamus da shi, Almanji, kuma yadda suke furta shi ka san ba yabo ba ne. Ni da ban taɓa wuce Jidda ba sai na ɗauki ra'ayin masu zafi na riƙe, nake jin kamar na san Turai ciki da bai.

A wannan shekarar aka saukar da wasu iyali a wurinmu. Akwai tsohuwa mai kusan shekara tamanin daga wani ƙauye na tsakiyar Turkiyya, mai ciwon zuciya, wadda ta kwashe shekaru tana jiran sunanta ya fito a ƙuri'ar hajji. Tare da ita akwai babban ɗanta da matarsa, su ma daga can ƙauyen, sai ƙaramin ɗanta wanda ya tafi Jamus tun yana saurayi, da 'yarsa budurwa mai shekara ashirin da uku, wadda a can aka haife ta, mahaifiyarta kuma ta rasu. Mazan suna hawa na ƙasa, matan uku suna ɗaki ɗaya a hawana. Tun ranar farko na ga matar babban ba ta ƙaunar yarinyar. In ta ɗaura ɗankwali ta ce bai rufe ba, in ta yi Turkanci ta kwaikwayi yadda harshenta ke karkacewa, in ta yi wa mahaifinta magana kai tsaye ta ce ga tarbiyyar Jamus nan. Tsohuwar kuwa ba ta shiga irin wannan. Abin da kawai na taɓa ji daga bakinta shi ne, Jamus ta karɓi ɗanta yana da shekara goma sha tara, tana ara mata shi wata ɗaya a shekara kamar baƙo.

Yarinyar ta shaƙu da ni. Abla take kirana, wato yaya a harshensu. Takan zo ɗan kicin ɗina ta taya ni wanke kofuna, duk da ina hana ta. Ita ce mai lura da maganin kakarta, ita ke wanke mata ƙafa ta shafa mata mai, don aikin jinya ta karanta. Wata rana ta tambaye ni ko ni 'yar Saudiyya ce, na yi dariya na ce mata a nan baƙuwa ake ɗaukata, in kuma aka kai ni Kano gobe, 'yar Makka za su kira ni, su yi ta dariyar Hausata. Sai ta ce ashe muna da yawa. Da ta ce hayaniyar gidan na damunta, na kwatanta mata wani ƙaramin masallaci a bayan kasuwa, ƙetaren babban titi, wanda sashen matansa ke sama kuma ba ya cika tsakanin azahar da la'asar. Ta je sau biyu ta dawo tana yi mini godiya.

Ita ma matar babban ta ja ni a jiki, amma ta wata hanya. Takan ba ni kayan zaƙi da busasshen ɓaure, ta ce ni ce Musulma ta gaskiya, 'yar maƙwabtan Ɗakin Allah, ba irin waɗanda Turai ta wanke wa kai ba. Ba zan ɓoye muku ba, maganar tana yi mini daɗi. Mutumin da ya saba a kira shi da ke mai shara, ranar da aka ɗaga shi sama da wani sai kansa ya kumbura.

Ana saura kwana uku Arfa, da hantsi, yarinyar ta bar wayarta a kan teburin kicin ta tafi kai wa kakarta ruwa. Wayar ta yi haske, saƙo ya shigo, sai ga hoto. Ita ce, kanta ba ɗankwali, ta jingina da kafaɗar wani Bature dogo mai farin gashi, suna dariya a bakin wani tafki. Ban tambaye ta ba. Wannan shi ne abin da har yau ya fi ci mini rai, tana dawowa muka ci gaba da hira kamar ban ga komai ba, alhali kalma ɗaya ta ishe ni in ji gaskiya. Na yini ina saƙa da warwara, ina gaya wa kaina ai haƙƙi ne a kaina, yarinya ta zo Ɗakin Allah da hoton ƙato a waya. Da yamma matar babban ta zo karɓar shayi, ta sake yi mini irin yabon nan nata, sai kawai na ji bakina ya buɗe. Na gaya mata abin da na gani, har na ƙara da cewa na sha jin yarinyar tana magana da Jamusanci ƙasa-ƙasa a kan matakala. Wannan gaskiya ne, amma ni ban san me take cewa ba, ban kuma san da wa take yi ba. Idon matar ya yi ƙyalli kamar wadda aka yi wa albishir. A take jikina ya ba ni na yi ɓarna, amma magana zarar bunu ce.

Washegari da azahar abin ya fashe a ɗakin cin abinci na ƙasa, inda maza da mata ke haɗuwa. Ina tsaye da tiren kofuna lokacin da babban ya miƙa hannu ya fizge wayar daga hannun yarinyar, ya ɗaga ta sama yana nuna wa ƙaninsa. Ya ce ga abin da shekara arba'in a ƙasar Turawa ta haifar. Ya ce sun karɓe masa harshe an yi shiru, sun karɓe masa sutura an yi shiru, yanzu kuma jininsu za su karɓa. Ya ce tun farko ya gaya masa ya tara abin da zai tara ya dawo gida, ya ƙi, don ya fi son inda maƙwabci ke mutuwa a ɗaki sai wari ya sanar da jama'a.

Ƙaramin mutum ne mai sanyin hali, ban taɓa jin muryarsa ta tashi ba sai ranar. Ya miƙe ya ce ya san da yaron. Ya ce abokin aikin 'yarsa ne a asibiti, ya musulunta shekara biyu da suka wuce, tun kafin ya nemi aurenta, ya zo har gida tare da iyayensa cikin mutunci, kuma shi da kansa ya ba shi ita, an sa rana bayan hajji. Ya ce sun yi shawara da likita a bar maganar sai tsohuwa ta sauke faralinta ta huta, saboda zuciyarta, sannan a gaya mata a hankali. Daga nan ya juya kan yayansa ya amayar da abin da ya daɗe yana cinsa. Ya ce motar Jamus suna so, maganin Jamus da yake aiko wa uwarsu suna so, in ɗan wani ya gama makaranta shi ake kira a ce ya nemo masa hanya, amma shi da ya tsufa a gaban injin masana'anta shi ne lalatacce. Ya ce kada yayansa ya zaci ya ɗauki Turai aljanna, don shi ne aka sha hana wa hayar gida da an ji sunansa, shi ne ake duba wa kamar ɓarawo a cikin jirgin ƙasa. Amma kuma a can ne da injin ya cinye masa yatsu biyu aka yi masa magani aka ba shi haƙƙinsa ba tare da ya durƙusa wa kowa ba. Ya ce akwai na kirki akwai na banza, kamar ko'ina, kuma wanda bai zauna ba ya daina ba wanda ya zauna labari.

Ba wanda ya lura da tsohuwar sai da kujerarta ta yi ƙara. Ta dafe ƙirji ta sulale ƙasa. Yarinyar ce ta fara isa gare ta, ta kwantar da ita, ta sa mata ƙwaya a ƙarƙashin harshe, tana ba da umarni har motar asibiti ta iso. Da za a shiga da tsohuwar, yarinyar ta sa ƙafa za ta hau, sai baffan nata ya tare ƙofar da hannu ya ce wadda ta jawo abin ba za ta bi ba. 'Yan'uwan biyu suka shiga, mota ta tafi, aka bar ta tsaye a rana. Na gan ta ta tagar kicin, na kasa fita.

Bayan kamar awa ɗaya aka neme ta aka rasa. Wayarta na aljihun baffanta, katinta na alhazai da jakarta suna kan gado. Zafin ranar nan kuwa irin wanda ke kayar da ƙato ne, ga tituna cike maƙil da mutane, an dakatar da motocin zuwa Harami. Shugaban tawagarsu ya shiga ɗaki-ɗaki yana tambaya. Mudir ɗin gidan, wato manajanmu, wanda ya san halin da muke ciki mu ma'aikata, ya tara mu ya ce in ba a gan ta ba zuwa la'asar dole a kira 'yan sanda, kuma in sun zo kowa za su tambaya, da takardunsa. Na san ma'anar wannan: a kama ni, a tsare, a ɗora ni a jirgi zuwa ƙasar da ban san kowa ba, 'ya'yana da tsohuwata suna Utaibiyya ba su ma san abin da ake ciki ba. Wata abokiyar aikina ta ce mu sulale ta ƙofar baya mu ɓuya a wani gida. Na so in bi ta. Amma na san inda nake zaton yarinyar take, kuma na san ba wanda ya san wurin sai ni. In na faɗa a tura wani, masallatai nawa ne a bayan kasuwar, ga lunguna kamar saƙar gizo, kuma namiji ba zai hau sashen mata ba. Na sa abayata na ɗauki gorar ruwa na fita.

A bakin babban titi, daidai wurin tsallakawa, ga motar 'yan sanda a tsaye suna duba katin mutane. Babu wata hanya. Na sunkuyar da kai na shiga cikin wasu mata, amma wani ɗan sanda ya nuna ni da hannu ya ce in matso. Ya ce iƙama. Ban yi masa ƙarya cewa na manta ta a gida ba, ban kuma ce ba ni da ita ba. Na ce masa da Larabcin Makka wata alhajiya 'yar Turkiyya ce ta ɓata daga gidan da nake aiki, kakarta na asibiti rai a hannun Allah, kuma ina zaton tana masallacin can. Ya dube ni daga sama har ƙasa, na san ya gane komai. Ya ce in je, amma ta gabansa zan dawo, da yarinyar, in kuwa na dawo ni kaɗai to mu yi magana.

Na same ta a kusurwar sashen mata, ita kaɗai, ta haɗa kai da gwiwa, leɓɓanta sun bushe. Da ta gan ni ta rungume ni tana kuka tana tambayar kakarta. Na ba ta ruwa ta sha. Ta ce abin da ta kasa ganewa shi ne wa ya ga hoton, don ba ta taɓa sakin wayar a ɗakinsu ba. Na san in na yi shiru ba za ta taɓa sani ba. Na kuma san in na faɗa tana iya tafiya ta bar ni in fuskanci ɗan sandan ni kaɗai. Na rufe ido na ce mata ni ce. Ta janye jikinta a hankali. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage ni ba, da ma ta yi hakan. Cewa ta yi, "Abla, a Jamus suna tambayata yaushe zan koma ƙasarmu. A Turkiyya suna tambayata yaushe zan koma Jamus. Na zaci a nan ba wanda zai auna ni. Kuma ke ce na zaci kin fi kowa sanin wannan ciwon." Na dai gaya mata halin da nake ciki da ɗan sandan, ba don ta tausaya mini ba, sai don ta san abin da za ta tarar.

Ta miƙe ta yi gaba, ina binta a baya, ba ta waiwayo ba ko sau ɗaya. Muna dosar motar 'yan sandan ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Saura taku kaɗan sai ta tsaya, ta miƙo hannu baya ta kama nawa, ta riƙe gam. Ta dubi ɗan sandan ta nuna ni, ta ce da ɗan guntun Larabcinta, 'yar'uwata ce. Ya yi mana alama mu wuce. Muna hawa ɗaya gefen titin ta saki hannuna, kuma daga ranar ba ta sake yi mini magana ba har suka bar Makka.

Tsohuwar ta rayu, amma a motar asibiti aka kai ta Arfa tana kwance da robar iska a hanci. Hajjin da ta yi shekaru tana mafarkin yi da ƙafarta, tsakanin 'ya'yanta biyu, a kan gado ta yi shi, jifa ma wakilta mata aka yi. 'Yan'uwan biyu suka ƙare kwanakin Mina ba mai kallon wani. Ranar tafiya mahaifin yarinyar ya same ni a bakin matakala. Na zaci zai ci mini mutunci, amma cewa kawai ya yi ya yafe nasa, na 'yarsa kuwa ba shi da ikon yafewa. Ya ce da na tambaye ta da ta ba ni labarin da murna, don ta so ta gayyace ni in yi mata addu'ar auren a gaban Ka'aba. Suka hau mota daban-daban, wasu zuwa jirgin Turkiyya, wasu zuwa na Jamus. Ban sani ba ko an yi auren, ban sani ba ko tsohuwar ta sa albarka, ban sani ba ko 'yan'uwan sun sake zama a tabarma ɗaya. Ni dai tun da aka gama wannan hajjin ban koma aiki a gidan ba, na kasa haɗa ido da kicin ɗin.

Abin da na koya shi ne, rigimar Turkawa da Turai tsohuwar rigima ce ta cikin gida, ta so da tsoro a haɗe, ta mutanen da rabin zuri'arsu ke can rabi ke nan. Su kansu ba su gama warware ta ba, sai ni da na tsinci guntayenta a bakin shayi na shiga tsakiya da hukunci. Na kira abin da na yi kishin addini, amma da na zauna na binciki zuciyata sai na tarar son a yabe ni ne kawai, in ji ana cewa na fi wata.

Don haka ina jan kunnen 'yan'uwana, musamman mu da muke aiki a cikin gidajen mutane, muna ganin abin da ba a nuna mana ba, muna jin abin da ba da mu ake ba. In kin ga abin da ya tayar miki da hankali, ki tambayi mai shi tukuna, ko ki ja bakinki. Kada ki yanke wa mutum hukunci da sunan ƙasar da ya tashi, don ba ki san da me ya kwana ba a can. Kuma ki yi hattara da mai yabonki yana kushe wani a numfashi ɗaya, wani abu yake nema a bakinki. Har yau duk shekara in alhazai sun fara sauka, nakan tsinci kaina ina duban fuskokin 'yan matan Turkiyya a titi. Ban san me zan ce mata ba in na gan ta. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya taya ni addu'a Allah ya sa ta yafe mini tun muna duniya.